KAREN FARAUTA: IZININ SHARI'A DA NAUYIN AMANA

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya hore wa ɗan Adam dabbobin tudu da na ruwa, Ya kuma ɗora masa nauyin abin da Ya hore masa. Tsira da amincin Allah su ƙara tabbata ga Annabin rahama Muhammadu (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, abin da ya sa muka ɗauki alƙalami a wannan wata shi ne wata tambaya da wani ɗan'uwa ya yi mana a Dutsin-Ma bayan an tashi daga karatun tsakanin Magariba da Isha'i. Ya fito da wayarsa ya nuna mana hoton wani farin kare mai ɗigo-ɗigon ja da saukakkun kunnuwa, ya ce asalinsa daga ƙasar Faransa ne, karen farautar tsuntsaye ne, mai sanyin hali ne, ba ya cizon yara, kuma an yi masa tayin ɗan kwikwiyonsa daga wani babban birni a kan kuɗin da za su sayi tumaki da dama. Ya ce: "Malam, tunda dai na farauta ne, ai babu laifi in ajiye shi ko?" Muka tambaye shi ko yana farauta. Ya yi dariya ya ce bai taɓa bin ko da kurege ba, karen ne kawai ya ba shi sha'awa.

Ba a yi mako guda ba, muna kan hanya a wani ƙauye na ƙasar Kurfi, sai muka gamu da mafarauta suna dawowa daga daji. Karnukansu na biye da su, ana iya ƙirga haƙarƙarin kowanne daga nesa, kaska ta cika musu kunnuwa, ɗaya yana ɗingishi, yara kuma suna bin sa da jifa babu mai tsawata musu. Waɗannan abubuwa biyu suka tsaya mana a rai. Na farko yana son ya kyautata wa karen da Shari'a ba ta ba shi izinin ajiyewa ba. Na biyu suna da izinin, amma sun tozarta amanar. Ra'ayinmu shi ne izini da amana tare suke tafiya, wanda ya ɗauki ɗaya ya jefar da ɗaya bai bi Sunna ba.

Ƙofar da Shari'a ta buɗe

Farauta tsohuwar sana'a ce a wannan yanki namu. Labarin da aka gada ma yana nuna cewa sunan Dutsin-Ma ya samo asali ne daga wani maharbi mai suna Ma wanda ya zauna a kan dutsen da ke tsakiyar gari. Musulunci bai zo ya soke wannan sana'a ba, ya dai tsara ta. A cikin Suratul Ma'ida, aya ta 4, Allah (S.W.T.) Ya halatta mana cin abin da horarrun dabbobin farauta suka kama mana, da sharaɗin ambaton sunanSa. Haka nan Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar (R.A.) cewa wanda ya ajiye kare ba don farauta ko tsaron dabbobi ba, za a rinƙa rage masa ƙiraɗi biyu na ladarsa a kowace rana. A ruwayar Abu Huraira (R.A.) ƙiraɗi ɗaya aka ambata, kuma aka ƙara da karen gadin gona.

Ashe ke nan ƙofofin uku ne: farauta, kiwo da noma. Malamai irin su Imam Nawawi sun rinjayar da cewa gadin gida yana shiga ciki ta hanyar ƙiyasi idan akwai buƙata ta gaske, kuma mutanen ƙauyukanmu da ke maƙwabtaka da dajin Rugu, waɗanda suka ɗanɗana kwanan zullumi a shekarun ta'addancin 'yan bindiga, sun fi kowa sanin darajar haushin kare da tsakar dare. Amma a lura da kyau. Izinin yana rataye ne a kan aikin da mai kare yake yi da shi. Sunan jinsin karen ba ya halatta komai. Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, ya fayyace wannan a ƙarshen littafinsa Risala, wanda babu makarantar zaure a ƙasar Hausa da ba a karanta shi. Ya ƙayyade karen farauta da wanda mutum zai yi farauta da shi don neman abinci, ya fitar da wanda aka ajiye don wasa da shagala. Saboda haka amsarmu ga ɗan'uwan nan ita ce: karen farauta a hannun wanda ba ya farauta karen ado ne, kuma kullum rana ta faɗi da ladarsa take faɗuwa.

A kan kuɗin sayensa kuwa, hadisin Abu Mas'ud Al'ansari (R.A.) ya hana cin kuɗin kare. Imam Shafi'i da Imam Ahmad sun ɗauki hanin a kan kowane kare. Imam Abu Hanifa ya halatta cinikin mai amfani, haka ma Sahnun daga cikin manyan Malikawa ya halatta sayar da wanda aka yi izinin ajiyewa. Wannan saɓani duk a kan karen aiki yake. Zuba dukiya mai yawa a kan karen da za a ɗaure a ƙofar gida don a nuna wa baƙi almubazzaranci ne, alhali a unguwa akwai marayun da ba su karya ba.

Wane ne wannan kare na Faransa?

Ba mu da gaba da halittar Allah don ta fito daga Turai, kuma adalci ne mu faɗi abin da yake gaskiya game da ita. Karen da aka nuna mana shi ne wanda Faransawa ke kira Braque du Bourbonnais, wato karen farautar lardin Burbone da ke tsakiyar ƙasarsu. Matsakaici ne, nauyinsa tsakanin kilo 16 zuwa 25, gashinsa gajere, kuma da yawa ana haifarsu da guntun bindi ko babu bindin sam. Aikinsa ya bambanta da na karnukanmu masu bin zomo da gudu. Shi da hanci yake aiki. Yana kai da komowa a gaban maharbi har ya shaƙi warin tsuntsu a cikin ciyawa, sai ya tsaya cak, ya miƙe wuya ya nufi wurin da hancinsa, ba ya motsi har maharbi ya iso. Idan tsuntsu ya tashi aka harbe shi, sai ya je ya ɗauko shi da baki a hankali ba tare da ya tauna ba, ya kawo wa mai shi. Kare ne mai son mutane da saurin ɗaukar horo, ba ya jure duka da tsawa, kuma saboda wannan sanyin hali nasa ba ya gadi, ɓarawo ma zai iya yi wa maraba.

A tarihin wannan jinsi akwai abin lura. Masu kiwonsa sun taɓa shagala da launin gashinsa da gajartar bindinsa, suka rinƙa watsar da duk ɗan kwikwiyon da bai zo da kamannin da suke so ba ko da kuwa gwanin farauta ne. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu jinsin ya yi ta raguwa, har ta kai daga 1963 zuwa 1973 ba a rubuta ko ɗaya ba a littafin rajistar karnukan Faransa. Sai da wani mutum mai suna Michel Comte ya tashi a shekarun 1970 ya bi ƙauyuka yana tattara ragowarsu daga hannun maharba, aka sassauta maganar launi aka koma kan aiki, sannan jinsin ya farfaɗo. Idan masu abin da kansu sun kusa hallaka shi ta hanyar mayar da shi kayan ado, ina dalilinmu na maimaita kuskuren da su suka dawo daga rakiyarsa?

Sannan ƙasarmu ba ƙasarsa ba ce. A watan Afrilu ma'aunin zafi a Dutsin-Ma yakan haura digiri 40, kare kuwa ba ya gumi kamar mutum, da haki yake sanyaya jikinsa, kuma baƙon kare yana iya faɗuwa matacce idan aka gudanar da shi da tsakar rana. Saukakkun kunnuwansa suna tara datti da ciwo. Cututtukan da kaska ke ɗaukowa sun fi yi wa baƙin karnuka illa fiye da na gida. Yana buƙatar gudu na awa ɗaya ko biyu kowace rana, idan aka tsare shi sai ya rame ya shiga kuka da ɓarna. Kuma yakan rayu shekara goma sha biyu ko fiye, wato wanda ya saye shi ya ɗauki nauyin da zai kai ɗansa daga aji ɗaya na firamare zuwa ƙarshen sakandare. Abin mamaki, su Turawan sun zo maƙwabtanmu a farkon shekarun 1970 sun ɗauki siririn karen Buzaye na kwarin Azawak, tsakanin Nijar da Mali, suka kai shi Turai suna alfahari da shi. Mu kuma namu na gida, wanda ya saba da zafi da ƙarangiya da ƙarancin ruwa, mun bar shi a bola.

Ba mu ce haramun ne maharbin gaske, mai neman fakara da zabon daji a gonaki bayan kaka ko kirinjijiya a gefen madatsar ruwa ta Zobe, ya mallaki irin wannan kare ba, matuƙar yana da halin riƙonsa kuma yana kiyaye dokokin hukuma a kan farauta da riƙon bindiga. Abin da muka ce shi ne ya san abin da zai ɗauka kafin ya ɗauka.

Horo sharaɗi ne na halaccin nama

Da yawa daga mafarautanmu ba su san cewa horon kare mas'ala ce ta halal da haram ba. Malamai sun siffanta horarren kare da cewa shi ne wanda idan aka sake shi zai tafi, idan aka tsawata masa zai tsaya. Mafi yawansu sun ƙara da cewa kada ya ci daga abin da ya kama, saboda hadisin Adiyyu ɗan Hatim (R.A.) da ke cikin Bukhari da Muslim, ko da yake Imam Malik bai shardanta wannan ba. A cikin wannan hadisi ne aka karantar da Adiyyu cewa ya ambaci sunan Allah lokacin sakin karensa, kuma idan ya tarar da wani kare daban tare da nasa a kan abin farautar, bai san wanda ya kashe ba, to kada ya ci, domin a kan nasa kaɗai ya yi bisimilla.

To a auna wannan da abin da ke faruwa a farautar gayya da rani, inda ake sakin karnuka barkatai, wasu horarru wasu 'yan bin sahu, babu wanda ya tuna da bisimilla saboda kiɗa da kirari, a tarar da zomo ya mutu a tsakanin karnuka biyar, a yi ta jayayya har a zare wuƙaƙe. Wannan nama akwai shubuha a cikinsa, jinin Musulmin da ake zubarwa a kansa kuma ya fi shi girma nesa ba kusa ba. Hukuncin a fili yake: abin da aka riska da ransa dole a yanka shi, wanda horarren kare ya kashe bayan an sake shi da bisimilla halal ne, wanda kare ya tafi da kansa ya kashe mushe ne. Tsuntsun da harsashi ya huda ya kashe bayan an yi bisimilla, malaman Malikiyya na baya sun halatta shi, idan kuma kare ya kawo shi yana numfashi sai a yanka.

Horo kuwa da haƙuri da maimaitawa ake yin sa tun kare yana ƙarami, a saka masa da ɗan abinci idan ya yi daidai. Hausawa sun ce ba a kiwon kare ranar farauta. Amma layu da guraye da wasu ke rataya wa kare a wuya wai don kada ya ɓata ko don ya yi sa'a, ba su koya masa komai, sai dai su ci tauhidin mai shi.

Haƙƙinsa a kan mai shi

Akwai kuskuren da ya yaɗu a tsakaninmu, wato zaton cewa tunda an yi magana a kan najasar kare to wulaƙanta shi ibada ne. Umarnin wanke ƙwaryar da kare ya yi lallagi a ciki sau bakwai tabbatacce ne. Imam Shafi'i da Imam Ahmad sun fahimci najasa daga gare shi, suka wajabta ɗaya daga wankin da ƙasa. Imam Malik yana ganin kare mai tsarki ne, wankin kuma bin umarni ne kawai. Babu ko ɗaya daga cikinsu da ya fahimci cewa a jefe shi ko a bar shi da yunwa. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin mutumin da ya sauka rijiya ya ɗebo ruwa da huffinsa ya shayar da kare mai ƙishirwa, Allah Ya gafarta masa, da labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha. Umarnin kashe karnuka da aka yi a Madina da farko an janye shi daga baya kamar yadda ya zo a Sahihu Muslim, aka bar izinin kashe mai cizo mai cutar da mutane.

Don haka wanda ya ajiye kare bisa izini, ga abin da ke kansa. Ya ciyar da shi abin da zai riƙe shi, kada ya dogara da ƙanzo da ruwan wanke-wanke, kuma akidar cewa yunwa ce ke sa kare zafin nama jahilci ne, domin mayunwacin kare shi ne mai cinye abin da ya kama. Ya ajiye masa ruwa mai tsabta a kaskonsa na kansa wanda ba a haɗa shi da kwanukan gida. Ya yi masa rumfa mai inuwa a waje da ɗakunan kwana da wurin salla, saboda hadisin da ya nuna mala'iku ba sa shiga ɗakin da ke da kare. Imam Khaɗɗabi yana ganin karen da aka yi izini ba ya ciki, Imam Nawawi yana ganin hanin ya game duka, fita daga saɓani kuwa shi ya fi. Ya cire masa kaska, ya duba tafin ƙafarsa bayan an dawo daga daji, ya ba shi maganin tsutsar ciki duk bayan wata uku, wanda kariya ce ga yaran gidan su ma. Ya tsare shi daga shiga gidajen maƙwabta da bin kajinsu. Idan ya tsufa ko ya karye, kada ya kore shi ko ya miƙa shi ga dillalan da ke loda karnuka zuwa kasuwannin masu ci, bayan ya ci gumin ƙuruciyarsa.

Ciwon haukan kare

Mafi girman haƙƙoƙin nan shi ne allurar rigakafin ciwon hauka, domin a nan maganar ta tashi daga ran dabba ta koma ran ɗan Adam. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan ciwo yana kashe kimanin mutum 59,000 a kowace shekara, galibinsu a Afirka da Asiya. Kusan dukkansu daga cizon kare suke kamuwa, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Ciwon yakan ɓuya a jiki wata biyu zuwa uku, wani lokaci ƙasa da haka ko fiye, kuma da zarar alamominsa sun bayyana, irin su tsoron ruwa da firgita, to da wuya a tashi. Amma Allah cikin rahamarSa Ya sanar da bayinSa rigakafinsa. Tun a shekarar 1885 wani masani Bafaranshe mai suna Luwi Fasto ya fara yi wa wani yaro da mahaukacin kare ya ciza allurar, yaron ya rayu. Idan akwai abin da ya cancanci mu ɗauko daga Faransa a sha'anin kare, to wannan ne. A ƙasarmu ma cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom a Jihar Filato ta daɗe tana sarrafa allurar karnuka.

Ana yi wa ɗan kwikwiyo allurar yana da wata uku, sannan a sabunta kowace shekara. Masana sun tabbatar da cewa idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wani yanki, ciwon yakan yanke a wurin. Wanda kare ya ciza ko ya yakusa, a wanke wurin nan take da ruwa da sabulu har tsawon minti 15, a garzaya da shi asibiti a ranar don a fara masa allura, karen kuma idan ya yiwu a tsare shi kwana goma ana lura da shi. Kada a tsaya shafe-shafe da jiƙe-jiƙe har lokaci ya ƙure. Neman magani ba ya karo da tawakkali. Mai karen da ya ƙi biyan kuɗin allura, karensa ya ciji ɗan maƙwabci yaron ya mutu, ya shirya amsar da zai bayar gobe ƙiyama.

Kira

Muna kira ga ɗan'uwanmu da ire-irensa da su bar kwaikwayon abin da suke gani a finafinai da shafukan intanet, su tambayi kansu wane aiki karen zai yi kafin su tambayi kuɗinsa. Muna kira ga mafarautan ƙasar 'Yandaka da ta Maraɗi da sarakunansu da su mayar da allurar shekara-shekara sharaɗin fita farauta, su kuma zauna gaban malamai su koyi babin farauta da yanka, wanda ba ya cin karatun mako guda. Muna kira ga limamai da masu wa'azi da su keɓe wa wannan magana huɗuba, musamman a kusa da ranar 28 ga Satumba da duniya ta ware don yaƙi da ciwon. Muna kira ga ƙananan hukumomin Dutsin-Ma da Kurfi da su kai malaman dabbobi ƙauyuka a ranakun kasuwa, su nemi haɗin kan Jami'ar Tarayya da ke Dutsin-Ma wajen wayar da kai. Iyaye kuma su hana yara jifan kare, domin zalunci ne, kuma ta nan ne cizo yakan fara.

Muna roƙon Allah Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon bin ta, Ya sa mu ji ƙan abin da ke ƙarƙashinmu don Ya ji ƙanmu. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare mu ne. Wallahu a'alam.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.